Malam Lado da Injin Askin Kano

To a daidai lokacin da injin ya kama gashin Sama'ilu ya ƙi saki ne fa Malam Lado ya fara zufa, amma bakinsa bai mutu ba. Yaro na durƙushe a gindin tsamiyar makaranta yana cewa, "Malam, ya cije ni, wallahi ya cije ni," shi kuwa yana jan injin yana cewa, "Tsaya cak. Ba cizo ba ne, gaisuwa ce. Haka yake yi wa kan da bai saba da ci gaba ba."

Af, na fara muku daga tsakiya ko? Ku yi haƙuri, haka nake in labari ya yi mini daɗi. Bari in ɗan ja baya.

Kawu Daudu ne ya ba ni wannan. Kawun babata ne, amma mu ma Kawu muke ce masa. Ya ce zamanin En'e ne, lokacin yana ɗan yaro a makarantar elemantare ta ƙauyenmu Kwarin Dashi, can tsakanin Roni da Gwiwa. Aji ɗaya ne tal, malami ɗaya, shi ne Malam Lado. Kuma riƙon ƙwarya yake yi, ba a tabbatar masa da hedimasta ba. An aiko cewa ranar Alhamis Alhaji Muhammadu Lawal, mai duba makarantu daga Kazaure, zai zo ya ga yara. In ya gamsu, Malam Lado ya zama hedimasta. In bai gamsu ba, a turo wani, shi kuma ya koma ƙarƙashinsa yana share allo. Kun ga kuwa mutumin da ya riga ya sa matarsa tana kiransa Hedimasta a cikin gida, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya ƙara hura masa kai, an taɓa tura shi Kano wani ɗan gajeren kwas na tsafta. Tun da ya dawo, ko ruwa zai sha sai ya ce, "Mu a Kano ba haka muke riƙe moɗa ba." Abu biyu ya zo da su. Na farko gaisuwar Turawa: in babban baƙo ya shigo aji, kowa ya miƙe, ya cire hula, ya ce gud monin sa. Matsalar ita ce yaran ƙauyen ba mai hula. To kullum da safe sai su miƙe, su kai hannu ka, su cire hular da babu, su riƙe iska a ƙirji. Kawu ya ce sun ƙware har wani in ya makara sai ka ji ya ce tasa ce ta maƙale.

Na biyu shi ne injin nan, irin na hannu da ake matsawa kamar almakashi yana ƙyas ƙyas ƙyas. A kasuwa ya fara nuna shi, a gaban Wanzam Haladu, wanda gidansu ke yi wa duk garin aski tun kaka da kakanni.

"Haladu, ka ga wannan? Zamanin aska ya wuce. Shawarata ka sayar da zabirarka ka sayi akuya."

Haladu ya duba injin, ya duba mai injin, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yana yin kaciya?"

"Za a ƙero mai yi. Ka dai ji abin da na ce. Kafin baƙo ya zo, kan kowane yaro a makarantata sai ya yi ƙyalli kamar ƙwaryar amarya. Ba ƙora, ba kwarkwata. Aikin malami ba a allo ya tsaya ba."

To kun ji yadda aka yi Sama'ilu ya samu kansa a gindin tsamiya ana gobe baƙo zai zo. Da ƙyar aka ɓamɓare injin, ya fito da gashi a haƙoransa, ya bar wata hanya daga goshi zuwa ƙeya, a karkace, kamar inda jaki ya ja kara. Malam ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce, "Madalla. Wannan shi ake kira layin farko. Na gaba."

"Malam, ba a gama nawa ba."

"Za a dawo kanka. A Kano bi da bi ake yi."

Gaskiyar magana, ya ga in ya ci gaba da Sama'ilu abin zai ƙara lalacewa, sai ya ce bari ya gwada wani kan ko ya fi laushi. Babu wanda ya fi laushi. Wani aka ci masa gefe ɗaya, wani aka yi masa tabo-tabo kamar gonar da fari suka sauka, wani kuma injin ya bi ta bayan kunne ya tsaya nan ya ce shi ya gaji. Duk wanda aka sallama sai ya koma gefe ya shafa kansa, ya kalli na kusa da shi, ya daina kuka ya fara dariya, don kowa gani yake na wani ya fi nasa muni.

Sai layi ya zo kan Kawu Daudu.

Nan ne fa maganar take. Kawu yana da tukku a tsakiyar ka, guntun gashi da ake bari in an aske sauran. Ba na ado ba ne. Babarsa wabi take yi, duk 'ya'yan da ta haifa kafin shi ba su zauna ba, shi ne kakarsa Iya Tasalla ta sa aka bar masa tukkun nan tun ranar suna, ta ce ba mai taɓa shi sai ranar kaciya, kuma Haladu ne zai cire da hannunsa. Duk garin an sani. Ko faɗa ake da Daudu, a ja kunne, a ja riga, amma ba a jan tukku.

Daudu ya dafe kai da hannu biyu. "Malam, Iya ta ce kar a taɓa."

"Iya ta je Kano?"

"Ta je Babura."

"To Babura ba a kwas. Wannan camfi ne. Nan ne ma hedikwatar kwarkwata. Sauke hannu."

Kuma abin haushi, injin da ya ƙi cin gashin kowa yadda ya kamata, da ya zo kan tukkun nan sai ya yi ƙyas sau ɗaya, ya sauke shi gaba ɗaya, tsaf. Daudu ya sunkuya ya tsince abinsa, ya cusa a aljihu. Sa'ar Malam ɗaya, Iya Tasalla ta tafi biki 'Yankwashi, sai gobe za ta dawo.

Da mai hankali ne ai nan zai tsaya. Sai ya juya wajen 'yan mata.

"Ku kuma kowa ta tsefe kanta. Kwarkwata a ƙarƙashin kitso take gina gari."

Wata Dela ta ce, "Malam, jiya aka yi mini. Daga Roni aka ɗauko mai kitson, bikin yayata ake yi jibi."

"Za a mayar. Kitso ai tufka ce. Wanda ya iya igiyar guga ya iya kitso."

Suka tsefe. Kun san gashin da aka tsefe bai ga mai ba, kowane kai ya tashi ya yi buzu-buzu kamar sheƙar shamuwa. Malam ya duba bai ga kwarkwata ko ɗaya a kan Dela ba, ya ce sun ji labarin zuwansa ne suka gudu. Sai ya aika a kira matarsa Amarya ta zo ta taya shi mayarwa. Amarya ta leƙo ta katangar zana, ta ga abin da ke nan, ta ce, "Hedimasta, ni ba a tura ni kwas ba. Wanda ya kwance shi ke ɗaurewa." Ta koma ciki abinta.

Ya naɗe hannun riga. Ya zaunar da Dela da ƙawarta Saude gefe da gefe, wai zai yi biyu a lokaci guda don a ga saurin aikin Kano. Yana kamo nan yana kamo can, yana ba sauran yara labarin wani Bature da ya taɓa yaba masa wanke hannu. Da ya gama ya ce su tashi. Dela ta yi dama, Saude ta yi hagu, duk suka yi ƙara suka dawo suka yi karo. Ashe ya kitse su tare.

Haka suka tafi gida, kai jingine da kai kamar masu gulma, suna gardamar gidan wa za a fara zuwa.

Kafin la'asar ƙofar makaranta ta cika. Uwar Dela ce a gaba, gyale a ɗamare.

"Malam, mun ba ka yara ka koya musu karatu, ka mayar mana da su kamar kajin da aka fige rabi aka fasa yankawa?"

"Baiwar Allah, aikin bai ƙare ba ne. Ba a yabon gini ana tsakiyar kwaɓa ƙasa."

"To wa ya ce ka yi gini a kan 'yata?"

Uban Sama'ilu ya juya kan ɗansa gaba da baya, ya ce, "Ni tambayata ɗaya. Wannan hanyar da ka fitar, ina ta nufa? Gwiwa ko Roni?"

Aka kwashe da dariya, har da masu fushi. Dagaci ne ya raba, ya ce kowa ya yi haƙuri, baƙo na tafe gobe, kar a tona wa gari asiri a gaban mutanen Kazaure, in ya tafi a zauna a yi magana. Ya ce Malam ya je ya roƙi Haladu ya gyara kawunan kafin dare.

Malam ya same shi a ƙofar gida yana wasa aska a tafin hannu.

"Haladu, na zo ne in ba ka dama ka ga yadda aikin zamani yake, ka ɗan ƙarasa gefe-gefe."

"Ayya, Allah ya gafarta Malam, ai na bi shawararka. Akuya nake nema. Ko ka san mai sayarwa?"

"Ga aska a hannunka."

"Wannan? Ta yanke wa akuyar igiya ce." Ya ci gaba da wasawa. "Kan da inji ya fara, inji ya ƙarasa. Kuma wanda ya sauke tukkun jikan Tasalla, ni ba na son a ga inuwata kusa da tasa."

Malam ya dawo gida ya ce wa Amarya ba komai, dama matsalar ita ce bai gwada injin a kan mai ilimi ba, kan yara yana da gardama. Zai gwada a nasa ya gano bakin zaren, da sassafe ya gyara na kowa. Ya zauna a tsakar gida ba madubi, ya bi gefen dama, ya bi hagu, ya zagaya ƙeya. Abin na tafiya, har ya fara waƙa. Yana isowa tsakiya sai injin ya yi ƙas, wani ɗan ƙarfe ya yi tsalle ya faɗa cikin turmi, hannun ya rabu biyu.

"Amarya, duba mini. Ya yi Kano?"

Amarya ta duba. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta miƙo masa hularsa ta ce, "Hedimasta, sa wannan. Kar ka cire sai bayan damina."

Amma kun san mutumin, dabara ba ta ƙare masa. Hular nan da ta miƙo ita ta ba shi shawara. Da gari ya waye ya bi gida-gida aron hula, wai sabuwar doka ce, ɗan makaranta sai da hula. Mutane don kar gari ya ji kunya suka bayar. Aka samo dara, aka samo haɓar kada, aka samo wata tsohuwar kube da ɓera ya ci bakinta. Da suka ƙare aka shiga malafa. Sama'ilu aka ba shi ta dagaci, ta sauko masa har hanci, sai ya ɗaga kai sama yake ganin hanya. 'Yan mata aka ɗaure musu kallabi, kowanne ya yi tozo. Malam ya jera su, ya zagaya, ya ce, "Ko a Kano sai an tara makarantu uku kafin a ga irin wannan."

Da hantsi motar Alhaji Muhammadu Lawal ta iso. Dattijo ne mai sanyin magana, da rawaninsa. Dagaci ya tare shi, rabin gari suka biyo baya suka tsaya a tagogi, Haladu ma ya samu wuri mai kyau a gaba. Malam Lado na ta "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya, a shigo a ga aiki," ya ja baƙo zuwa ƙofar aji.

Abu ɗaya ya manta.

Yaran nan sun daɗe suna cire hular iska. Yau ga ta gaske a kansu, ga babban baƙo ya shigo. Kawu ya ce wallahi ba wanda ya yi shawara da wani, daɗi ne kawai ya kama su. Suka miƙe tsaye lokaci guda, hannu ya tafi ka, Malam ya buɗe baki zai ce kar, ina.

"Gud monin sa."

Hula ashirin da wani abu a ƙirji, kawuna a waje.

Alhaji ya tsaya. Ya bi layin farko da kallo, ya bi na biyu. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya yi tari wanda kowa ya san ba tari ba ne. Sannan ya ce a hankali, "Malam, wata cuta ce ta shigo garin?"

"Ranka ya daɗe, tsafta ce. Mataki-mataki ake yinta. Wannan matakin farko ne."

"To Allah ya sa mu ga na biyu da rai."

Sai aka ji ana "a ba ta hanya, a ba ta hanya." Iya Tasalla ce, ko kayan biki ba ta sauke ba, sanda a hannu ɗaya, ɗan ƙullin tsumma a ɗaya. Ta durƙusa ta gaida baƙo yadda ya kamata, don ita ba ta wasa da gaisuwa ko tana cikin fushi. Sannan ta kwance ƙullin a kan teburin Malam. Tukkun Daudu ne.

"Ranka ya daɗe, ka sa shi ya mayar."

Malam ya ce, "Iya, gashi ai ba ya..."

"Ban yi da kai ba, Lado. Na san ka tun kana yawo ba wando." Ta juya ga Alhaji. "Huɗu muka binne kafin wannan. Na san rai na Allah ne, ba gashi ke riƙe shi ba. Amma ni na yi alkawari, kuma kullum na ga abin nan a kansa sai in samu barci. Mun kawo su a zuba musu karatu a cikin kai. Wa ya aike shi bayan kai?"

Malam ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, a duba mini. Kan da kwarkwata ke kiwo a kai, yaro na susa da hannu biyu, da wane hannun zai riƙe alli? In malami ya gani ya kau da kai, ya yi daidai?"

Daga taga uwar Sama'ilu ta ce, "Gaskiya dai jiya bai yi susa ba." Uban ya ce, "Ina zai susa, wurin duk ciwo."

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam, maganarka akwai gaskiya. Iya, taki ma akwai. Amma kafin in ce komai, na ga yaranka sun cire hula sun gaishe ni, abin sha'awa. Kai da ka koya musu fa?"

"Ranka ya daɗe, ni... mura nake yi."

"A ka?"

Ba yadda zai yi. Ya kai hannu a hankali, ya ɗaga.

Jama'a, kai fes ko'ina, gefe da gefe da ƙeya, sai a tsakiya cif, inda injin ya karye, ga wani guntun gashi a tsaye. Tukku. Daidai inda na Daudu yake, har ya fi shi tsayi.

Kawu ya ce dariyar da aka yi ranar, wata mata sai da ta zauna a ƙasa. Dagaci ya juya baya yana kallon bango. Haladu kuwa cewa ya yi, "Ashe injin ya iya aiki. Gidan wa aka yi wabi, Malam?"

Iya Tasalla kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso, ta sa Malam ya sunkuya, ta duba tukkun ta kowane gefe kamar mai taya akuya. Sai ta numfasa ta ce, "To. Wannan zai iya riƙe mana. Ranka ya daɗe, tunda ya sauke na jikana, ya riƙe masa wannan aro. Kar aska ta taɓa shi sai na Daudu ya tsiro ya kai yadda yake."

Alhaji ya sake yin tarin nan nasa. Ya ce ai shari'a ta yanke kanta. Malam Lado zai ci gaba da riƙon ƙwarya, da riƙon tukku. Ranar da Iya ta aiko Kazaure cewa na Daudu ya kai, ranar za a tabbatar masa da hedimasta. Duba kawunan yara da farcensu kuwa, ya ci gaba da dubawa duk sati, amma da ido. In ya ga abu ya aika wa iyaye, su kira mai aska ko mai kitso. Kuma tunda shi ya kawo dokar cire hula a aji, ba za a ce malami ya fi ƙarfin dokarsa ba.

Haka ya yi ta koyarwa da tukku a tsaye, yana rubutu a allo yana rawa. Ya zama ba mai kula da kan Daudu a duniya kamarsa. Kullum da safe sai ya kira shi ya auna da ɗan yatsa, har man shanu yake aika wa gidan a shafa masa. Ita kuwa Iya, duk ya tare ta a hanya ya ce, "Iya, ai ya kai," sai ta ce, "Da saura, Lado. Na da ya fi haka kauri." Sai da ta ja shi har kaka ta wuce kafin ta aika.

Kuma kar ku ce ya daddara. Kawu ya rantse ya ji shi a kasuwar Roni yana gaya wa wani Bafillace cewa wannan askin shi manyan malamai ke yi yanzu a Kano, nan da baɗi kowa zai bar nasa.

Ni dai jiya ƙanwata ta dawo daga makaranta da farce a yanke, ta ce malamarsu ce ta yanke mata, babarmu tana ta sa albarka, Kawu kuwa ya dafe tsakiyar kansa ya ce a dai riƙa tambaya tukuna. Ku fa, in naku ne ya dawo gida an taɓa masa kai a makaranta, godiya za ku je yi ko sanda za ku ɗauka?